Haƙuri Kaɗai Ba Ya Jinyar Gigin Tsufa: Martani

Na karanta maƙalar da wani malami marubuci ya fitar kwanakin baya, inda ya soki shawarar a riƙa horar da iyalai yadda za su zauna da tsofaffinsu masu cutar mantuwa, wadda a gida aka fi sani da gigin tsufa. A ganinsa wannan bita kayan aro ce daga ƙasashen da 'ya'ya ke kwasar iyayensu su kai gidan gajiyayyu. Mu kuwa, in ji shi, addini da tarbiyya sun riga sun koya mana biyayya da haƙuri, gidajenmu kuma cike suke da dangi, saboda haka a ce za a koya wa Bahaushe kula da uwarsa raini ne. Ya ƙara da cewa idan abin ya ta'azzara, aikin likita ne da magani, kuma duk wannan zance dabara ce ta hukuma don ta sauke nauyinta a wuyan talaka.

Malam, ban ja da kai ba kan son da muke yi wa iyaye, ban kuma ja da kai kan falalar haƙuri ba. Inda muka raba hanya shi ne da ka ɗauka duk wanda ya so abu ya iya shi. Al'adar da kake karewa ba ta taɓa yarda da haka ba. Yarinya ta yi haihuwar fari, ba wanda ya kai ta son jaririn nan, amma ba a sakar mata shi a ce so zai koya mata. Gida ake mayar da ita wankan jego, ko a turo mata tsohuwa ta zauna da ita kwana arba'in, a nuna mata yadda ake riƙe wuya, da gasa cibi, da bambanta kukan yunwa da na ciwon ciki. Ba mai kiran wannan raini. Abin da ya sa babu irin wannan tsohuwa ga mai jinyar gigin tsufa shi ne ilimin bai taru a hannun kakanninmu ba, domin a zamaninsu kaɗan ne ke kai shekarun da cutar ke kama mutum, kuma kowane gida yakan ɓoye nasa.

Cutar ba ta tsaya kan mance inda aka ajiye carbi ba. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ke mutuwa sannu a hankali, galibi ta dalilin cutar Alzheimer, wadda ke da kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu ciwon, wani lokaci kuma ta dalilin toshewar jijiyoyin jini, abin da hawan jini da ciwon suga ke jawowa, waɗanda ba baƙi ba ne a kowace unguwa tamu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 57 na ɗauke da ita a shekarar 2021, fiye da kashi 60 cikin 100 kuma suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki. Binciken haɗin gwiwa na Ibadan da Indiyanapolis, wanda Farfesa Adesola Ogunniyi da Hugh Hendrie ke cikin jagororinsa, ya samu kashi 2.3 cikin 100 na 'yan shekara 65 zuwa sama a Ibadan suna da cutar, a rahoton 1995, yayin da baƙaƙen fata na Indiyanapolis ke da kashi 8.2. Wani binciken da aka yi a Zariya, aka buga a 2011, ya samu kusan kashi 2.8. Za ka iya cewa ai ka ga namu kaɗan ne. To, kashi uku cikin ɗari na tsofaffin ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 gidaje ne masu ɗimbin yawa, kuma kusan dukkansu a gida ake jinyarsu.

Mantuwar ma ba ita ke karya mai jinya ba. Abin da ke karya ta shi ne sauyin hali: zargi, faɗa, fita yawo tsakar dare, ganin mutanen da ba sa nan, tuɓe kaya a tsakar gida, ashar daga bakin dattijon da ya yi shekara talatin yana limanci. Mafi yawan masu ciwon, kusan tara cikin goma, sai sun nuna wani abu daga cikin waɗannan kafin rai ya yi halinsa. A nan ne nake so ka tsaya da ni, domin sau da yawa abin da tarbiyyarmu ke umartar mu da shi a irin wannan hali shi ke rura wutar.

Ɗauki zancen sata. Hajiya ta ƙulle kuɗinta a bakin zane, ta cusa ƙarƙashin katifa ko cikin kwalla, ta manta. Ƙwaƙwalwarta ba ta gaya mata ta manta ba, sai ta gaya mata an ɗauke. Wa ke shiga ɗakin kullum? Matar ɗanta, mai share mata ɗaki da wanke mata kaya. Ita ce ɓarauniya. A gidan da ba a san ciwon ba, ga yadda abin ke tafiya: suruka ta rantse har da kuka, miji ya rasa inda zai sa kansa tsakanin uwa da mata, a kira taron dangi. 'Yar Hajiya ta zo daga Abuja kwana biyu, ta tarar da uwarta tana gaisawa garau, tana tambayar jikoki, domin mai wannan ciwo yakan iya tattaro ɗan abin da ya rage masa na ɗan lokaci a gaban baƙo. Sai ta koma tana cewa lafiyar Hajiya ƙalau, cutarta ake yi. Aure yakan mutu a kan wannan. Idan kuwa 'yar aiki ce aka zarga, ta sha duka, a mayar da ita ƙauye da sunan ɓarauniya. Mutanen gidan nan ba wanda ya rasa tarbiyya a cikinsu. Ɗan biyayya yake yi wa uwarsa, 'yar kuma kare ta take yi.

Wadda aka horar ta san ba a musu da wannan zargi, domin hujja ba ta da inda za ta zauna a ƙwaƙwalwar da ta daina riƙe sabon abu. Ta san wurare uku ko huɗu da Hajiya ke ɓoye kaya. Ta bar mata 'yan canji a hannu, manyan kuɗi suna wurin ɗanta. Idan ƙorafi ya tashi sai ta ce, "Subhanallahi, Hajiya, bari mu duba tare," ta kai ta kusa da wurin, ta bar ta ta gano da hannunta, don in ita ta zaro kuɗin nan take, za a ce mayarwa ta yi. Mafi muhimmanci, tun kafin a kai nan an zaunar da dangi an gaya musu zargin sata alama ce ta ciwon, kamar zazzaɓi ga cizon sauro, kuma wanda ya fi hidima shi aka fi zargi. Wannan jimla guda, in likita ko ma'aikaciyar lafiya ta faɗe ta gaban 'ya'ya maza, ta isa ta tsare auren wata.

Ga kuma al'adarmu ta dubiya. Ran Juma'a bayan an sakko, mutum goma sha su cika ɗakin Baba, kowa ya duƙa ya ce, "Baba, ka gane ni? Wane ne ni? Haba Baba, ni ka manta?" Zumunci suka zo yi, amma jarrabawa suke yi wa dattijo a bainar jama'a, yana faɗuwa, kuma yana jin kunyar faɗuwar ko da bai san dalilinta ba. Bayan sun watse sai ya huce kan wadda ta kawo masa tuwon dare. Gyaran ba ya cin ko kwabo: a shiga biyu-biyu, a zauna inda zai ga fuska, mai gaisuwa ya faɗi ko shi wane ne tun kafin a tambaye shi, "Baba, ni ne jikanka na wajen wance, na zo gaishe ka." Amma sai an faɗa wa mutane, don ba abin da zai zo musu a rai ba ne.

Wanka ya fi kowanne zafi, saboda kunya. Mutumin da 'ya'yansa ba su taɓa ganin ko ƙirjinsa ba, yau wasu da bai shaida ba sun riƙe shi suna cire masa riga, suna zuba masa ruwa a sanyin hunturu. Me kake so ya yi in ba kai naushi ba? Ko kai ne sai ka kai. Bita kan koya wa mai jinya ta sa namiji ya yi wa namiji, a ɗumama ruwa, a bar zane a jikinsa ana wanke gefe-gefe, a ba shi soso a hannu ya fara da kansa, a riƙa faɗin abu ɗaya a lokaci guda maimakon a jero masa umarni biyar. A jingina wankan da abin da jikinsa ya saba tun yana saurayi, a ce masa yau Juma'a ce, ko a fara da alwala, don hannu kan tuna abin da kai ya manta. In ya ƙi, a ƙyale shi, a dawo bayan rabin awa, lokacin ya manta ya ƙi. Rashin wanka na yini ɗaya bai taɓa kashe kowa ba. Kokawa a banɗaki mai santsi kuwa tana karya ƙugun tsoho, kuma da yawa ba sa tashi daga wannan kwanciyar.

A maƙalarka akwai hujja guda da na ga ta fi sauran nauyi, wato cewa irin wannan horo yana koya wa 'ya'ya yi wa iyayensu ƙarya. Ka yi gaskiya cewa akwai masu ba da shawarar a tafi da mara lafiya a kan duk abin da ya faɗa, ko da ƙage ne, kuma ko a can ƙasashen ana jayayya a kai. Amma duba yadda abin yake a aikace. Inna ta tambaya, "Malam bai dawo daga kasuwa ba?" alhali ya shekara goma a kabari. Ɗa mai gaskiya ya ce, "Inna, ai Baba ya rasu." A wurinta yanzu ta ji. Ta yi kukan sabuwar mutuwa, ta tambayi dalilin da ya sa aka ɓoye mata, anjima ta manta, ta sake tambaya. Sau nawa a yini za ka yi wa uwarka wannan sanarwa? Tsakanin wannan da ƙarya akwai fili mai faɗi. Kana iya cewa, "Kina tunaninsa, Inna? Ni ma haka. Wace miya ma ya fi so?" Ba ka ce yana raye ba, ba ka ce yana hanya ba. Ka amsa abin da take nema, wato natsuwa, ka buɗe mata tsohon labari, wanda shi ne ƙarshen abin da cutar ke cinyewa. Haka idan ta ɗaure kaya ta ce za ta tafi gida, alhali a ɗakin da ta shekara hamsin take. Gidan ubanta take nufi, inda aka ɗauko ta tana amarya. Kulle ƙofa da gardama sai su ƙara mata tabbacin tsare ta aka yi. Ɗaukar mata ƙunshin, a zaga da ita bayan layi ana hirar garinsu, a dawo a ce a sha fura tukuna, ya fi sauƙi kuma ba zunubi a ciki. Ayar Suratul Isra'i da ka kafa hujja da ita ta hana nuna wa iyaye ko da ƙosawa. Ni ban ga hanyar cika wannan umarni ba ga mutumin da aka yi wa tambaya ɗaya sau arba'in kafin azahar, sai in an koya masa abin da zai yi da tambayar.

Tushen horon gaba ɗaya ɗabi'a guda ce: idan hali ya tashi, a nemi abin da ya tayar da shi kafin a nemi abin da zai danne shi. Yaushe ya fara, me ya faru dab da farawar, wa ke wurin? Masana uku a Amurka, Helen Kales da Laura Gitlin da Constantine Lyketsos, sun tsara wannan a 2014 zuwa matakai huɗu: a bayyana halin dalla-dalla, a binciki sanadi, a tsara abin da za a gwada, a duba ko ya yi aiki. Sanadin kuma sau da yawa a jiki yake. Tsoho mai ciwon gwiwa ko ruɓaɓɓen haƙori, wanda kalmomi suka ƙwace masa, ba zai ce yana jin ciwo ba, sai dai ya yi ihu in an taɓa shi. A wani gwaji a Norwe da aka buga a 2011, an bi mutum 352 masu wannan ciwo, aka riƙa ba rukuni ɗaya maganin ciwo a tsare na mako takwas, mafi yawansu farasitamol ne kawai, sai tashin hankalinsu ya ragu da kimanin kashi 17 cikin 100. Yunwa, matsuwar fitsari, taurin bayan gida, yanar ido da ke mayar da rigar da aka rataye ta zama mutum a tsaye, duk suna fitowa da kamar rigima.

Rikicin almuru ma haka. Da yawa daga masu ciwon sukan birkice idan rana ta kusa faɗuwa, abin da likitoci suka daɗe da sani a ko'ina cikin duniya. A wurinmu lokacin ya zo daidai da wanda aka hana yara fita, saboda haka nan da nan sai a ce iska ce. Ba na hana kowa addu'a, karatun Alƙur'ani cikin sanyin murya ma yana daga abubuwan da suka fi kwantar musu da hankali. Amma ƙarti huɗu su danne tsohuwa, ana yi mata tsawa a kunne, ana turnuƙe ta da hayaƙi, wannan firgita ta kawai ake yi. A kunna fitila tun kafin duhu, a rage hayaniyar yara da talabijin, a hana ta dogon barcin rana da goron yamma, a fitar da ita hantsi da safe, a ba ta tsintar shinkafa ko tsinke zogale ta ji tana da amfani a gidan.

Ka ce likita ne da magani. Gidan da aka horar ai shi ya san ranar da za a garzaya wurin likitan. An koya musu cewa gigin tsufa a hankali yake tafiya, wata da watanni. Idan tsoho ya birkice cikin kwana ɗaya ko biyu, ko ya yi laushi ya daina gane kowa farat ɗaya, to wani ciwon ne ya hau kai: zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara, ciwon huhu, ƙarancin ruwa a zafin Afrilu, sukari da ya hau ko ya faɗi. Wannan na asibiti ne yau, kuma yana warkewa. Gidan da ba a horar ba yakan ce jikin tsufa ne, a ci gaba da haƙuri. Irin wannan haƙurin ya kai mutane kabari. Ko azumi ma, malamai sun yi bayani cewa hankali sharaɗi ne na wajibcin ibada, amma za ka tarar an bar dattijon da bai san wane wata ake ciki ba yana wuni ba ruwa, don ana jin nauyin a ce masa ya sha.

Wane magani kuma kake nufi? Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba. Asibitocin da ke Kware da Barnawa da Dawanau da Maiduguri ba za su iya ganin kowane tsoho daga Argungu zuwa Gashuwa ba. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne ɗa ya tsaya wurin mai kemis ya ce, "Tsohuwa ba ta barci, ba ta barin kowa ya runtsa, a taimaka da abin da zai kwantar da ita." A ƙullo masa Valium ko Largactil ba takardar likita. Ta kwanta, gida ya yi shiru, kowa ya ce maganin ya karɓe ta. A 2005 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan sababbin magungunan taɓin hankali, bayan gwaje-gwaje sun nuna tsofaffi masu cutar mantuwa da ke shan su sun fi mutuwa da kusan ninki 1.6 zuwa 1.7, a 2008 kuma ta faɗaɗa gargaɗin zuwa tsofaffin magunguna irin su Largactil. Rahoton da Farfesa Sube Banerjee ya rubuta wa gwamnatin Birtaniya a 2009 ya ƙiyasta mutum 180,000 ake ba waɗannan magunguna, waɗanda ke amfana ba su wuce 36,000 ba, kuma suna jawo ƙarin mutuwar mutum 1,800 duk shekara. Can fa likita ne ke rubutawa yana bibiya. Akwai halin da magani ke zama dole, idan mara lafiya zai cutar da kansa ko wani, amma kaɗan ne, na ɗan lokaci, a hannun wanda ya san aikinsa. Inda maganin kemis ya gaza kuma, ka san abin da ke biyo baya: kwaɗo a ƙofar ɗaki, wani lokaci igiya a ƙafa. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoto a 2019 kan dubban masu larurar ƙwaƙwalwa da ke ɗaure da mari a sassan Najeriya. Tsohuwar da aka tsinta da asuba a wata unguwa, ba ɗankwali, tana sambatu tana kiran sunayen matattu, Allah ya sa ta faɗa hannun mai tausayi, kada a ce mayya ce.

Batun cewa bitar ta masu kai iyaye gidan gajiyayyu ce, ka juya zancen ne. An ƙirƙiro ta ne don masu riƙe nasu a gida. Mary Mittelman ta Jami'ar New York ta bi ma'aurata 406 da ke jinyar abokan zamansu, shekara da shekaru. Waɗanda aka yi wa zama shida na shawara, wasu su kaɗai wasu tare da danginsu, aka kuma ba su lambar da za su kira in abu ya cushe, sun riƙe majinyatansu a gida ƙarin kwana 557 a kan sauran, kamar yadda aka buga a 2006. A Landan, shirin START na Farfesa Gill Livingston zama takwas ne kacal, waɗanda ke bayarwa kuma matasa ne masu digirin farko da ake sa wa ido, ba likitoci ba. Ya rage damuwa da ƙuncin rai ga masu jinya, aka kuma ga tasirin bayan shekara shida. In ka ce duk Turawa ne, je ka Gowa ta ƙasar Indiya, inda gidajen gandu da ƙarancin likita suka yi kama da namu. Dokta Amit Dias da abokan aikinsa sun horar da mutanen gari masu ilimin sakandare suna bin gidaje, a gwajin iyalai 81 da aka buga a 2008. Halayen majinyatan ba su ragu sosai ba, amma ƙuncin da halayen ke jefa masu jinya ya ragu a fili. Sanya iyali cikin magani kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da masu taɓin hankali a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abekuta, kowane da ɗan'uwansa a tare da shi, duniya ta zo tana koyo.

Sai zancen dangi da suka cika gida. Malam, shiga gidan ka ƙirga. Masu zuwa gaisuwa suna da yawa, masu turo kuɗi ta waya akwai su, Allah ya saka musu. Mai wanke zanen fitsari da ƙarfe uku na dare mutum ɗaya ce: suruka, ko 'yar da aurenta ya mutu ta dawo gida, ko amaryar da aka auro wa dattijo yana da ƙarfinsa, ko jika 'yar shekara goma sha uku da aka cire daga makaranta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mata ke ɗauke da kashi 70 cikin 100 na sa'o'in wannan jinya a duniya, kuma ba na jin namu ya gaza haka. Wannan mace ba ta da bakin cewa ta gaji, domin uwar miji ce, in ta furta an ce ba ta da tarbiyya. Ita ake yi wa wa'azin haƙuri, daga bakin waɗanda suka yi barcinsu cikakke. Ran da ta kai maƙura ta daka wa tsohuwa tsawa, ko hannunta ya kuɓuce, sai ta kwana tana kukan ta shiga wuta. Rabin abin da ake yi a shirye-shiryen da na ambata game da ita ne: ta gane alamun gajiyarta, ta san fita daga ɗaki na minti biyar ba laifi ba ne, ta iya neman taimako ba tare da an ce ta yi rashin kunya ba.

Inda na ba ka gaskiya shi ne tsoronka na hukuma ta fake da bita. Hakan na iya faruwa, a tara mata a ɗakin taro yini guda, a raba lemo da takarda, a ɗauki hoto, a ce an horar. Wannan ba ya aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da darussan iSupport ga masu jinya a 2019, amma babban gwajin da aka yi a Birtaniya, inda aka bar mutane su bi darussan ta intanet su kaɗai, bai nuna raguwar damuwarsu ba. Da Henry Brodaty da abokiyar aikinsa suka tattara bincike 23 a 2012, sun ga abin da ya fi tasiri shi ne zama tara zuwa goma sha biyu, a cikin gidan, a kan matsalar wannan majinyacin takamaimai, cikin wata uku zuwa shida. Wannan aiki ne mai cin albashi da kuɗin mota da mai sa ido, kuma ba ya warkar da cutar, ba ya ma tsayar da ita. Saboda haka mai neman a horar da iyalai nauyi yake ɗora wa gwamnati. Ƙasar da ta iya tura mata gida-gida da ɗigon rigakafin shan inna har aka tabbatar ta rabu da cutar a 2020 ta san yadda ake isa tsakar gida. Ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi suna nan, malaman Islamiyyar matan aure suna nan, rediyo na nan.

Sharaɗi ɗaya zan sa, kuma ya shafe ni da kai. Kada a yi zaman farko sai 'ya'ya maza suna wurin, har da na birni, ko ta waya ce. A gabansu za a faɗi sunan ciwon, a gabansu za a wanke wadda ake zargi da sata, a nan kuma za a rubuta wa zai kwana ɗakin Baba ran Litinin, wa zai karɓa ran Talata, wa zai biya mai wanki, da kuma yinin da suruka za ta tafi gidansu ta yi barci.